SAITA NA'URAR KARƁAR LOKACI DAGA TAURARIN ƊAN ADAM

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban makarantar nan, wanda ma'aikacin gwamnati ne, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya a Ƙanƙara.



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa gaban waɗanda suka koya mini karatu. An nemi in yi magana a kan wani fanni na kimiyya da ya shafi jama'armu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ni kuwa sai na zaɓi maganar lokaci, musamman na'urar nan da ke karɓo lokaci daga taurarin ɗan Adam, da yadda ake saita ta. Na san wani zai ce, ina ruwan manomin masara da auduga da wannan magana? To, a yi mini haƙuri na 'yan mintoci. Abin da nake son in nuna shi ne, wannan na'ura duk tsadarta ba ta ba da lokacin ƙwarai sai wani mai ilmi ya zauna ya gaya mata inda take tsaye, da taurarin da za ta saurara, da abin da za ta yi in ta daina jin su. Wannan mai ilmi kuwa ya kamata a ce ɗan yankin nan ne.

LOKACI DA WURI TARE SUKE TAFIYA

Kakanninmu da inuwa suke auna rana. Ladan yakan taka inuwarsa ya san azahar ta yi, ko la'asar ta shiga, matafiyi kuma yakan duba Gamzaki ya san asuba ta gabato. Kowane gari da nasa lokacin, domin kowane gari da inda rana ke tsaya masa.

Zuwan jirgin ƙasa da wayar tangaraho shi ya tilasta a yi agogo ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. A shekarar 1914 aka sa agogon Nijeriya rabin sa'a gaba da na Girinwich da ke Ingila, sa'an nan a ranar 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi sa'a guda cif, kuma a kansa muke har yau. Shi ne wanda muka saba ji a rediyo ana cewa ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar.

Amma wannan sa'a guda, in an bi lissafin rana, ta layin digiri 15 ce gabas da Girinwich, layin da ya ratsa kusan ta kan birnin Njamena na ƙasar Chadi. Ƙanƙara kuwa tana wajen digiri 7 da rabi ne. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti 4, saboda haka idan agogo ya buga sha biyu, da sauran kimanin minti 30 kafin rana ta tsaya a kanmu. Zawali a garin nan yakan faɗi wajen sha biyu da kwata a farkon Nuwamba, ya kai wajen ɗaya saura kwata a Fabrairu. Mutanen Maiduguri suna riganmu da fiye da minti 20, shi ya sa jadawalin salla da aka buga dominsu ba ya yi mana aiki. Ina so a riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin maganata: wanda bai san inda yake ba, ba zai san lokacinsa ba. Haka abin yake ga ladan, haka yake ga na'ura.

YADDA TAURARO KE FAƊIN LOKACI

Agogon hannun da yawancinmu ke ɗaurawa yana aiki ne da wani ɗan ƙanƙanin dutse da ake kira kwaz, dangin ƙanƙarar ƙyasta wuta, watau dutsen da sunansa ya zo ɗaya da na garinmu. Batir yana sa shi karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, agogo kuma yana ƙirgawa. Irin wannan agogo yakan yi gaba ko baya da wasu daƙiƙoƙi a wata, kuma zafi da sanyi suna taɓa shi. Ga mai zuwa kasuwa wannan ba komai ba ne.

Masana kimiyya sun samo abin da ya fi wannan dutse tsayuwa a kan magana ɗaya, watau ƙwayar zarra. Tun shekarar 1967 duniya ta amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce tsawon lokacin da wani irin haske na ƙwayar sinadarin siziyom ke kaɗawa sau 9,192,631,770. Irin waɗannan agogai na ƙwayar zarra, na siziyom ko na rubidiyom, su aka ɗora wa taurarin GPS na Amurka. An harba na farkonsu a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini, kuma ana buƙatar aƙalla 24 domin ko'ina a duniya a riƙa ganin wasu.

Aikin kowane tauraro shi ne ya yi ta shela dare da rana: ni ne wane, ina wuri kaza, ƙarfe kaza ne. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ya iso ƙasa cikin kimanin kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa. Na'urar da ke ƙasa saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Daga jinkirin isowar saƙo take gane nisanta da kowane tauraro.

A nan sai in gabatar da ma'auni biyu da za mu yi ta ambata. Maikirosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, nanosakan kuwa kashi ɗaya cikin miliyan dubu. A cikin nanosakan ɗaya haske yana cin santimita 30, tsawon rular da ke cikin jakar kowane ɗalibi. A cikin maikirosakan ɗaya yana cin mita 300. Ke nan kuskuren lokaci kuskuren wuri ne, kuskuren wuri kuma kuskuren lokaci ne. Har ma da lissafin Albert Einstein sai da aka sa a ciki, domin agogon da ke can sama yana rigan na ƙasa da kimanin maikirosakan 38 a kowace rana. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren wuri ya riƙa ƙaruwa da wajen kilomita 10 kullum.

WA KE BUƘATAR WANNAN DAIDAITO?

Mu ne, ko da ba mu sani ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, 5G kuma ta fara aiki a 2022. Ƙarafan sabis da muke gani a bakin hanya dole su riƙa tafiya da taki ɗaya, domin a wasu tsare-tsaren 4G da 5G ana karɓa-karɓa ne tsakanin aikawa da saurare a kan zango guda. Ƙa'idar da aka sa ita ce kada wani ƙarfe ya kauce wa lokacin bai-ɗaya da fiye da maikirosakan ɗaya da rabi. In ya kauce, sai ya riƙa magana a lokacin da maƙwabcinsa ke saurare, kira ya riƙa yankewa, intanet ta riƙa jan ƙafa, jama'a su yi ta cewa sabis ba kyau alhali ƙarfe yana tsaye, injin yana ruri. A jikin da yawa daga cikin ƙarafan nan za ku ga wata 'yar farar eriya kamar an kifa ƙoƙo tana kallon sama. Ita ce kunnen na'urar lokaci.

Haka nan a harkar lantarki, wutar ƙasarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma injiniyan da ke son sanin inda matsala ta fara a kan dogon layi sai agogon tashoshinsa sun zo ɗaya. A banki ma, duk kuɗin da aka tura ta POS ana buga masa lokaci, kuma da wannan lokaci ake raba gardama in kuɗi sun maƙale. Safiyon da ke auna gona ko fili shi ma da waɗannan taurari yake aiki.

Mu mutanen yankin nan babu mai buƙatar a gaya masa darajar sadarwa. Mun ga abin da ya sami ƙannenmu na makarantar kimiyya ta garin nan a daren 11 ga Disamba 2020. Mun kuma ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya buga waya. A lokacin, mai ƙaramar waya in ya cire batir sai ya nemi mai agogo ya tambaye shi ƙarfe nawa, domin daga ƙarfen sabis wayarsa ta saba samun lokaci. Amma saƙon taurari bai fasa sauka a kan rufin kowane gida ba ko da daƙiƙa ɗaya. Kyauta yake sauka, sai dai mai iya karɓa.

SAITI NA FARKO: A TSAYE TAKE KO TAFIYA TAKE?

Na'urar karɓa tana da manyan hanyoyin aiki biyu. Ta farko ita ce ta matafiyi, irin wadda ke cikin waya da mota. A nan na'ura ba ta san abubuwa huɗu ba: inda take tsakanin gabas da yamma, inda take tsakanin kudu da arewa, tudunta daga teku, da kuskuren agogonta. Duk wanda ya yi aljabara a ajin nan ya san cewa abubuwa huɗu da ba a sani ba suna buƙatar lissafi huɗu, saboda haka sai ta ji taurari huɗu aƙalla. Kuma a kowace daƙiƙa sabon lissafi take yi, shi ya sa ɗigon da ke nuna inda kake a taswirar waya yakan yi ta rawa ko kana zaune. Wannan rawa tana shiga cikin lokacin da take bayarwa.

Hanya ta biyu ita ce ta mazauni, kuma ita ce ta na'urar lokaci. Bayan an kafa eriya an ɗaure ta tamau, sai a sa na'ura ta auna wurinta sau dubbai ta ɗauki matsakaici. Wasu sukan gama cikin abin da bai kai sa'a guda ba, amma mai son aiki mai kyau yakan bar ta sa'o'i 24, domin taurari su gama zagayensu ta gan su ta kowace fuska. In akwai safiyo da ya riga ya auna wurin, sai a shigar da alkalumansa da hannu. Daga nan sai a kulle wurin. Yanzu abu ɗaya kaɗai ya rage mata ta nema, watau lokaci, kuma ko tauraro ɗaya ta ji ya ishe ta. Sauran da take ji sai su zama shaidu: in ɗaya ya zo da maganar da ta saɓa wa ta jama'a, sai ta fitar da shi daga lissafi.

Kuskure biyu aka fi yi a nan. Na ɗaya, a bar ta a kan hanyar matafiyi saboda haka ta zo daga kamfani. Na biyu ya fi muni, watau a kulle wuri sa'an nan a ɗauke ta. Alal misali, a gwada na'ura a Katsina, ta kulle wurin can, a sa ta a mota a kawo Ƙanƙara a kafa. Tsakanin garuruwan biyu ya wuce kilomita 100 a miƙe, wanda a lissafin haske zai iya kai ɗaruruwan maikirosakan. Ko dai ta ƙi aiki, ko ta yi ta ƙara tana kuka. Ko eriya aka matsar daga wannan kusurwar rufi zuwa waccan, mita 30 na iya jawo kuskuren da ya kai nanosakan 100. Ƙa'ida ita ce, duk ranar da eriya ta motsa, a goge tsohon wuri a sake aunawa.

SAITI NA BIYU: WAƊANNE TAURARI ZA TA SAURARA?

Yanzu GPS ba shi kaɗai ne a sama ba. Akwai GLONASS na Rasha, wanda aka fara harbawa a 1982. Akwai Galileo na Tarayyar Turai, wanda ya fara hidima a Disamba 2016. Akwai BeiDou na ƙasar Sin, wanda ya game duniya a 2020. Na'urorin zamani suna iya jin dukkansu, amma sai an buɗe musu.

Dalilin buɗewa shi ne kowannensu ya taɓa tuntuɓe. A farkon Afrilu 2014 GLONASS ya yi kimanin sa'o'i 11 yana ba da bayani marar kyau. A ranar 26 ga Janairu 2016, lokacin da Amurka ke sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, wasu taurarin GPS suka riƙa watsa lokacin duniya da kuskuren maikirosakan 13. Direbobi ba su ga komai ba, amma na'urorin kamfanonin sadarwa suka yi ta ƙara, har wasu tashoshin rediyon zamani na BBC a Ingila suka sami tangarɗa. A watan Yuli na 2019 kuma Galileo ya yi kusan mako guda ba ya aiki. Na'urar da ke jin tsari biyu ko uku tana da wanda za ta koma wa, tana kuma da abin gwadawa. Amma dole mai saiti ya zaɓi ɗaya ya zama jagora, sauran su bi bayansa, domin kowane tsari da nasa agogon, kuma akwai ɗan bambanci a tsakaninsu.

Akwai kuma wasu taurari da ke watsa gyare-gyare domin jiragen sama, irin su EGNOS na Turai. Ana iya jin saƙonsu a nan, amma gyaran da ke ciki an auna shi ne domin samaniyar Turai. Saboda haka, da wasu dalilai, waɗansu masu ƙera na'urorin lokaci suna ba da shawarar a kashe wannan sashe. A karanta littafin na'ura a ga abin da ya ce kafin a bar shi a buɗe.

SAITI NA UKU: WANE LOKACI ZA TA BAYAR?

Lokacin da duniya ke aiki da shi ana kiransa UTC, shi ya gaji abin da muka sani da agogon GMT. Da yake juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon ƙwayar zarra, tun 1972 akan ƙara daƙiƙa ɗaya jefi-jefi domin su daidaita. An yi haka sau 27, na baya-bayan nan a daren 31 ga Disamba 2016. Shi kuwa agogon GPS, wanda ya fara ƙirga daga 6 ga Janairu 1980, ba ya karɓar wannan ƙari, saboda haka tun farkon 2017 yana gaba da UTC da daƙiƙa 18. Na BeiDou yana gaba da daƙiƙa 4. GLONASS yana karɓar ƙarin, amma da agogon Mosko yake tafiya, watau sa'o'i 3 gaba. A Nuwamba 2022 babban taron awo da ma'auni na duniya ya yanke shawarar daina wannan ƙari nan da shekarar 2035, sai dai bambancin da aka riga aka tara yana nan.

Idan aka sa wata na'ura ta ba da lokacin GPS, 'yar uwarta kuma tana ba da UTC, to rajistarsu za ta saɓa da daƙiƙa 18, kuma ranar da aka zo bincike ba za a san abin da ya riga wani faruwa ba. Abin da ya dace shi ne dukkan na'urorin ma'aikata guda su bi ma'auni ɗaya, galibi UTC, sa'an nan a ƙara sa'a gudan Nijeriya a fuskar da mutane ke karantawa kaɗai, kuma sau ɗaya tak.

Wani tarkon kuma shi ne ƙirgar mako. Tsohon saƙon GPS yana ƙirga makonni ne zuwa 1,024, kimanin shekara 19 da rabi, sai ya koma sifiri kamar mitar tsohuwar mota. Hakan ya faru a Agusta 1999 da Afrilu 2019, zai kuma sake faruwa a Nuwamba 2038. Tsohuwar na'urar da ba a sabunta manhajarta ba tana iya wayar gari ta nuna kwanan wata na shekaru 19 baya. Duk mai karɓar kayan gwanjo ko na kyauta ya duba wannan.

SAITI NA HUƊU: ERIYA DA WAYA DA GEFEN SAMA

Saƙon tauraro yana isowa da rauni ƙwarai, don haka eriya tana son sarari ta kowace fuska. Kada a kafa ta a ƙarƙashin darbejiya, ko jikin tankin ruwa, ko inda kwanon rufi zai riƙa dawo mata da saƙo, domin saƙon da ya bugi wani abu ya dawo ya yi doguwar hanya, kuma zai zo a makare. Taurarin da ke ƙasa-ƙasa kusa da gefen sama su suka fi kawo irin wannan, shi ya sa akan gaya wa na'ura ta yi watsi da duk wanda bai ɗaga digiri 10 zuwa 15 ba. A wuri mai duwatsu ko dogayen itatuwa ana iya ƙarawa kaɗan.

Wayar da ta sauko daga eriya ita ma tana cin lokaci, kimanin nanosakan 4 zuwa 5 a kowace mita, gwargwadon irinta. Waya mai mita 30 ke nan tana jinkirta saƙo da nanosakan 120 zuwa 150. Akwai gurbin da ake rubuta wannan adadi domin na'ura ta cire shi, kuma sau da yawa akan tarar da shi a sifiri. Sa'an nan kada a manta da damina. Eriya tana kan rufi, tsawa kuwa abin da ya fi tsawo take nema. A sa makarin tsawa a kan wayar, a binne ƙarfen da zai kai wuta ƙasa. Rigakafi ya fi magani.

SAITI NA BIYAR: IDAN SAMA TA YI SHIRU

Can sama, tun daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, akwai wani ɓangaren iska mai ɗauke da lantarki da ake kira ayonosfiya, wanda ke jinkirta saƙon taurari. Arewacin Nijeriya yana kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, ɗamarar da wannan iska ta fi rikicewa a cikinta, musamman bayan faɗuwar rana, a wajejen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, da shekarun da rana ke tsananin aiki kamar 2024. A irin wannan dare saƙo yakan yi ta ƙyaftawa, wani lokaci ya ɓace. Na'urar da ke jin zango biyu, misali L1 da L5, tana iya auna jinkirin ta cire mafi yawansa, don haka ita ta fi dacewa da mu. Ban da wannan akwai masu toshe saƙo da gangan, da masu watsa na jabu, abin da ya yawaita a wuraren yaƙi na duniya.

Saboda haka kowace na'urar lokaci ta ƙwarai tana da nata agogon a ciki. Muddin tana jin taurari, suna yi masa linzami. In ta daina jin su, sai ya ci gaba da kansa bisa abin da ya koya. Na kwaz da ake tsarewa cikin ɗumi marar canzawa yakan riƙe na wasu sa'o'i, na rubidiyom yakan kai yini ko fiye, gwargwadon daidaiton da ake nema. Mai saiti shi zai faɗi tsawon lokacin da za a amince da wannan riƙo, da lokacin da za a yi ƙara, da wanda ƙarar za ta je wa. Kuma agogon ciki yana buƙatar wuta marar yankewa, domin in ya huce sai ya sake koyo daga farko. Batir da hasken rana a nan wajibi ne.

ABIN DA MUKE DA SHI, DA ABIN DA YA RAGE

Ƙasarmu ta taɓuka. An kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a 2003. A Disamba 2011 aka harba NigComSat-1R daga ƙasar Sin, ɗauke da sashen taimaka wa masu amfani da GPS. A Toro ta jihar Bauci akwai cibiyar auna siffar ƙasa da motsinta. Daga 2008 kuma ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya shiga kafa tashoshin karɓa na dindindin, har da ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ɗaya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina.

Abin da ya rage shi ne mutane. Mu ma'aikata mun san yadda ake karɓar kaya: a ƙirga kwali, a duba lamba, a ga fitila ta yi kore, a sa hannu. Da wuya a tambayi yadda aka saita. Ɗan kwangila ya koma inda ya fito da kalmar sirri a aljihunsa, ranar da abu ya lalace kuma sai a jira injiniya daga nesa, wanda in ya ji an ce Sabuwa ko Faskari sai ya fara lissafin hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ne ba ya gudu in ruwa ya sauko.

Don haka ina gabatar wa ƙungiya shawarwari huɗu. Na ɗaya, mu saya wa ɗakin gwaje-gwajen makarantar nan ƙaramar na'urar karɓa da eriya da 'yar kwamfuta mai aiki da hasken rana. Irin ta koyo ba ta fi ƙarfin gudummawar aji guda ba. Ɗalibai su auna inda makaranta take, su kulle wurin, su lissafa zawalin Ƙanƙara, sa'an nan su kafa sanda a fili su ga ko inuwa ta gaskata lissafinsu. Na biyu, 'yan uwanmu injiniyoyi da safiyoyi su riƙa zuwa ko sau ɗaya a zangon karatu su koyar. Na uku, mu tallafa wa ɗalibai maza da mata da ke son karanta fiziks, ko injiniyan lantarki, ko ilmin auna ƙasa, a Zariya ko Kano ko Katsina ko Dutsin-ma. Na huɗu ya shafi mu da ke ofis: kada mu sa hannu a takardar karɓar irin wannan na'ura sai an ba mu littafinta, da kalmar sirrinta, da takardar da ta nuna kowane saiti da tsawon waya da ranar da aka auna wuri, kuma an koya wa ma'aikaci aƙalla ɗaya mazaunin garin.

Ku kuma ƙannena, lissafin gudu da nisa da lokaci da ake ba ku a allo, da aljabarar da kuke ganin wahala ce kawai, su ne dai abin da na yi ta faɗi tun ɗazu. Ku riƙe su da kyau, akwai aikin da ke jiranku a gida.

 Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.